Mikin Da Hula Ke Rufewa: Asibiti Ya Fi Tashar Mota Kusa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin mutanen Arewa, wadda kuma suka ƙunso cikin kayansu suka sauko da ita Kurmi, watau cewa wai daji ba ya son ƙarfe. Abin nufi shi ne, idan ciwon daji ya kama mutum, to kada a yarda allura ta taɓa shi, balle wuƙar likita, domin wai da zarar ya ji ƙarfe sai ya fusata ya watsu cikin jiki. Ana jin wannan magana a Sabo ta Badun, ana jin ta a Agege da Idi-Araba cikin Ikko, ana jin ta a Shagamu wajen 'yan goro, haka kuma a unguwannin Hausawa na Anacha da Inugu da Fatakwal. Masu faɗar ta ba mugaye ba ne, galibi ma dattawa ne masu nufin majiyyaci da alheri. Amma duk da haka maganar tana cin rayuka, kuma babu inda ɓarnarta ta fi fitowa fili kamar a kan sankarar fatar kai, domin ita wannan cuta tana cikin ire-iren sankara waɗanda wuƙar likita kan raba mutum da su ɗungum, in dai an kai shi da wuri.

Ga yadda abin yakan faru. A ɗauki misalin magidanci ɗan dako a kasuwar kayan gwari, wanda tun yana yaro ya faɗa cikin wutar jin ɗumi da hunturu, gefen kansa ya ƙone, ya warke ya bar tabo mai sheƙi inda gashi bai sake fitowa ba. Shekara talatin ba ya tunawa da tabon sai ranar aski. Ran nan gammo ya goge wurin, fatar ta tsage, ɗan miki ya fito wanda bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ba ya zafi, saboda haka sai ya kifa hularsa ya ci gaba da neman abincinsa. Da ya ga an yi mako uku bai kame ba, sai ya sayi kafso wurin mai kemis, ya ɓare ya barbaɗa garin a kai. Wata biyu, wata huɗu, miki ya kai faɗin kwabo, bakinsa ya yi tudu ya yi tauri ya juyo waje, tsakiyarsa ta yi tsiro gudaji-gudaji, ko hula ce ta goge shi sai jini. Daga nan sai wurin wanzami, a yi ƙaho, a yi sakiya, ko a ɗora lalas. Ranar da wari ya soma hana abokan kwana barci, sai 'yan'uwa su zauna su yanke shawara cewa wannan ciwo na gida ne, a haɗa masa kuɗin mota.

Shi ke nan sai ya shiga motar da ta sauke shanu za ta koma, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Arewa. A gida kuma a shiga jiƙo da turare da shafe-shafe, damina ta wuce, kaka ta wuce. Sai sa'ad da ciwon ya cinye ƙashi, kaluluwa ta fito a bayan kunne da wuya, sa'an nan ne za a ɗauke shi ranga-ranga zuwa Zariya ko Kano. Likitoci su yi iyakar ƙoƙarinsu, su yanke abin da zai yanku, bayan 'yan watanni ciwo ya dawo, rai ya yi halinsa. A wurin zaman makoki kuwa sai wani ya girgiza kai ya ce ai dama an faɗa, daji ba ya son ƙarfe. Da haka maganar take ƙara samun gindin zama, alhali kuwa abin da ya kashe bawan Allah shi ne shekara guda ko biyu da aka yi ana hana ƙarfen ya taɓa shi.

Gaskiya ne cewa maganar ba daga sama ta faɗo ba. Idan aka tsaga sankara ta tsakiya, ko aka yanke rabinta aka bar rabi, to abin da ya rage zai ci gaba da tsiro, sau da yawa ma cikin hanzari, ga kuma ruɓa da za ta shiga. Wanda ya ga haka da idonsa yana da hujjar jin tsoro. To, amma wane ne yake yin irin wannan yanka? Abin mamaki shi ne, mutanen da ke hana likita ya taɓa mikin su ne ke yarda wanzami ya sa masa aska, sai ka ce ita askar da itace aka ƙera ta. Bambancin aikin biyu a fili yake. Wanzami yana shiga cikin ciwon ne, shi kuwa likitan fiɗa kewaye shi yake yi, ya bi ta cikin lafiyayyar fata, ya ɗauke cutar gaba ɗaya tare da ganuwar nama mai lafiya da ke zagaye da ita, ba tare da wuƙarsa ta ratsa ta ba.

Kafin a shiga bayanin aikin, ya kamata a san su wa abin ya fi shafa. ('Yan rediyo kan kira cutar da suna kansa, kalmar da ke rikitar da mai sauraro in ana zancen kai, don haka sankara ta fi dacewa a nan.) Baƙar fata tana da wani sinadarin launi wanda ke tare mata mugun hasken rana, shi ya sa sankarar fata ba ta yawaita ga baƙaƙe kamar yadda ta addabi Turawa, musamman mazauna Ostareliya. Wannan ne ya sa waɗansu ke zaton cutar Bature ce kurum. Ba haka ba ne. A wurin baƙar fata ƙofar da ta fi shigowa ta ciki ita ce tsohon tabo da gyambon da ya ƙi warkewa: tabon ƙuna, tabon sara, tabon haɗarin mota, ko mikin da ya shekara yana kamewa yana buɗewa. Wani likitan fiɗa Bafaranshe mai suna Marjolin shi ya bayyana irin wannan gyambo na cikin tabo a 1828, har yau kuwa da sunansa likitoci ke kiran sa. Yawanci yakan ɗauki kimanin shekara 30 tsakanin ƙunar da fitowar sankarar, watau sai bayan kowa ya manta. Ya kuma fi sankarar fata ta yau da kullum mugunta, domin ita wannan ba ta cika kaiwa 5 cikin 100 da ke bazuwa zuwa wani wuri a jiki ba, amma ta cikin tabo takan bazu ga mutum ɗaya cikin huɗu, ko ma ɗaya cikin uku. Masu farfaɗiya da suka taɓa faɗawa wuta, da waɗanda fitila ko risho ya ƙona tun suna goye, su ne ya kamata su fi kowa lura da tabonsu.

Sai kuma zabiyoyi, waɗanda su ne wannan cuta ta fi yi wa kisan mummuƙe a ƙasar nan. Su fatarsu ba ta da wancan sinadarin launi, saboda haka ranar da wani zai sha ya yi gumi kawai, su ƙona su take yi. Farfesa Anezi Okoro, likitan fata na Inugu, ya buga bincike a 1975 a kan zabiyoyi 1,000 na Nijeriya, inda ya nuna yadda rana ke lalata musu fata tun suna ƙuruciya. Likitocin fiɗa na asibitin koyarwa na Zariya su ma sun buga nasu rahoton a 1993, suka nuna cewa kai da wuya su ne inda sankarar ta fi kama zabiya, kuma majiyyatan ba sa zuwa sai abu ya yi nisa. A nan akwai wani abin lura game da suturar Arewa. Hular da ake taƙama da ita, ko kube ce ko zanna, tsakiyar kai kaɗai take rufewa, ta bar kunnuwa da goshi da ƙeya a rana. Malfar nan mai faɗi ta makiyaya, wadda samarin birni ke yi wa dariya, ita ce ta fi kowace hula amfani ga zabiya, da ma duk dattijo mai sanƙo wanda aikinsa na cikin rana ne. Iyayen da ke tura yaro zabiya talla ko bara da tsakar rana a kan gadojin Ikko, su sani wuta suke tura shi. Bayan waɗannan akwai masu raunin garkuwar jiki, kamar masu ɗauke da ƙanjamau da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda.

Ba kowane ƙurji ne a ka yake zama sankara ba, kuma bai kamata a firgita jama'a ba. Ƙora da maruru da ƙurajen aski na ƙeya sun fi ta yawa nesa ba kusa ba. Abin da ke raba su shi ne lokaci. Maruru yakan nuna ya fashe ya warke cikin mako ɗaya ko biyu. Mikin da ya wuce wata guda bai kame ba duk da magani, ko tabon da ya daɗe lafiya sa'an nan ya buɗe da kansa, ko tsiron da ke girma yana jini, wannan ya wuce hurumin mai kemis. Ko shi likitan ma ba ya yanke hukunci da ido. Sai ya kashe wurin da allura, ya ɗebi ɗan nama wanda bai fi ƙwayar wake ba, ya aika ɗakin bincike a duba shi da madubin likita. Wannan gwaji ba ya watsa cuta, kuma shi kaɗai ne ke faɗin ainihin abin da ake fama da shi.

Dalilin da ya sa jinkiri ya fi muni a ka bisa sauran jiki yana cikin yadda aka halicci wurin. Fatar kai hawa biyar ce a jere. Akwai ta waje mai gashi. Ƙarƙashinta akwai kitse mai tauri cike da jijiyoyin jini, wanda shi ke sa ɗan rotsi kaɗan ya wanke mutum da jini. Sai wani tantani mai ƙarfi kamar ƙirgi, wanda ya haɗa naman goshi da na ƙeya. Bayansa sai wani hawa sako-sako, shi ke sa fatar kai ta motsa in an tura ta da yatsa. Na ƙarshe shi ne siririn tantanin da ke manne da ƙashi. Duka biyar ɗin in an haɗa, da ƙyar kaurinsu ya kai santimita ɗaya. Wannan ɗan taƙi shi ne abin da ke tsakanin mikin da ƙoƙon kai, bayan ƙoƙon kai kuwa sai ƙwaƙwalwa. Tantanin nan mai ƙarfi yakan tare cutar na ɗan lokaci, amma ranar da ta huda shi ta faɗa hawa na huɗu, sai ta samu fili ta yi ta yaɗo ta ƙarƙashi, ta yadda abin da ido ke gani a sama bai kai abin da ke ƙasa ba.

Idan aka zo da wuri, sankara ba ta kai faɗin santimita 2 ba, aikin ba wani babba ba ne. Sau da yawa ba a ma sa mutum barci. Akan aske wurin, a zana da'ira kewaye da mikin, a bar tazarar milimita 4 zuwa 6 ta lafiyayyar fata, a kashe wurin da allura, a yanke har ƙasa, a tsai da jini, a ja fata a ɗinke. Majiyyaci yakan koma gida a ranar da ƙafarsa, bayan mako ɗaya ko biyu ya dawo a cire zare. Naman da aka cire kuma sai a sake aika shi ɗakin bincike, domin a tabbatar cewa gefunansa da ƙasansa duk lafiyayyu ne, ba a bar komai a baya ba. A irin wannan mataki, fiye da mutum 90 cikin 100 sukan rabu da cutar har abada. Akwai wata hanya da wani likitan Amurka mai suna Frederic Mohs ya ƙirƙiro a shekarun 1930, inda ake yankan cutar hawa-hawa ana duba kowane hawa nan take kafin a ci gaba, amma tana bukatar ɗakin bincike na musamman a gefen ɗakin fiɗa, kuma yankan da aka saba yi ya wadatar ga mafi yawan ƙananan sankara.

Da zarar faɗin ya wuce santimita 2 sai lissafi ya sake, domin haɗarin dawowar cutar yakan ninka biyu, na bazuwarta kuwa kusan uku. Ita sankarar cikin tabo ma likitoci kan bar mata tazarar da ta kai santimita 2 ta kowane gefe, watau ramin da za a bari ya fi mikin girma ƙwarai. A nan ne wahalar fatar kai take, domin ba ta miƙewa kamar fatar ciki ko ta cinya. Ramin da ya wuce kimanin santimita 3 ba ya cika haɗuwa da ɗinki kawai. Sai dai a zana wani yanki na fatar kai da ke kusa, a ɗaga shi ba tare da an tsinke shi daga jijiyarsa ba, a juyo shi ya rufe ramin. Ko kuma a fere siririyar fata daga cinya a shimfiɗa a wurin, a ɗaure, kada a buɗe sai bayan kwana biyar ko makamancin haka. Cinyar takan warke da kanta cikin mako biyu zuwa uku, amma gashi ba zai fito a inda aka yi dashen ba. Ya kamata majiyyaci ya san wannan tun kafin a shiga da shi, musamman mace, don kada ta farka ta ga kamar an cuce ta.

Idan kuwa cutar ta cinye tantanin da ke kan ƙashi, fatar cinya ba za ta kama a kan tsurar ƙashi ba, kamar yadda shuka ba ta kamawa a kan fā. Dole a huda ƙananan ramuka a saman ƙashin a jira makonni har jan nama ya tsiro, ko a kankare samansa, ko a ɗauko tsoka sukutum daga baya ko cinya tare da jijiyoyinta a haɗa su da na kai, aikin da kan ci sa'o'i masu yawa. In ta huda ƙashin, sai an kira likitan ƙwaƙwalwa ya cire wannan ɓangare na ƙoƙon kai. In ta sauka kaluluwar gaban kunne ko ta wuya, sai an buɗe wuyan an kwashe su, sa'an nan a bi da na'urar haske mai ƙona ragowar cutar, kullum-kullum har makonni. Cuta ɗaya ce, mutum ɗaya ne, amma aikin da a farkon shekara likita ɗaya zai gama kafin a sha shayi, a ƙarshenta ya zama na likitoci uku da ledojin jini da kwanciyar wata guda, ba kuma tare da tabbacin warkewa ba.

To, abin takaicin shi ne, mutanen Arewa mazauna Kudu suna zaune ne a bakin ƙofar wuraren da ake yin wannan aiki. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, wanda aka kafa a 1962, a Idi-Araba yake, unguwar da Hausawa suka cika, kuma a cikinsa aka buɗe sabuwar cibiyar maganin sankara a 2019. Babban asibitin koyarwa na Badun, wanda aka buɗe a 1957, ba shi da nisa da Sabo, mai ƙafa ma yana iya takawa. Asibitin ƙashi na Igbobi da takwaransa na Inugu duka suna da sashen ƙuna da gyaran fata, watau ainihin likitocin da suka ƙware wajen rufe irin ramin da aka ambata. Akwai asibitocin koyarwa a Shagamu da Ife da Binin da Fatakwal. Mutumin da ke ƙauyen da babu ko disfensa yana da uzuri. Amma wanda zai wuce ta gaban katangar asibitin koyarwa da jakarsa a kafaɗa, ya nufi tashar mota domin ya kai mikinsa ƙauye, ya bar ruwa ne ya tafi neman raɓa.

Ba za a ce masu yin haka ba su da dalili ba. Na farko kuɗi, domin a mafi yawan asibitoci sai an biya ake gwaji, sai an biya ake fiɗa, ɗan dako kuwa abin da ya samu yau shi zai ci yau. Ga matsalar harshe, mutum ba ya jin Turanci, ba ya jin Yarabanci ko Ibo, a yi ta tura shi daga wannan taga zuwa waccan har rana ta faɗi bai ga likita ba. Ga wulaƙancin da wani lokaci baƙo kan gamu da shi wurin waɗansu ma'aikata, ga yajin aiki, ga ƙarancin likitoci tun da da yawa sun tsallaka ƙasashen waje. Mace kuma tana jin nauyin buɗe kanta gaban namijin da ba muharraminta ba. A ƙarƙashin waɗannan duka akwai wani tsoro da ba a cika furtawa ba, watau kada mutum ya mutu a baƙon wuri, nesa da danginsa. Duk waɗannan gaskiya ne. Sai dai babu ɗaya daga cikinsu da tafiya gida ke warwarewa. Kuɗin mota da na boka da na watannin zaman banza ba sa rasa kaiwa kuɗin ƙaramin yanka, kuma shi majiyyacin a ƙarshe asibitin dai zai koma, ya tarar da lissafin ya ninka sau da yawa. Batun buɗe kai da na alwala kuwa malamai sun riga sun yi bayaninsu: lalura tana halatta likita ya duba, kuma mai rauni yana iya shafa a kan bandeji.

Tun da yake an san inda gizo ke saƙa, gyaran ba ya fin ƙarfin jama'a. Mutumin farko da ke ganin fatar kan namiji shi ne wanzami ko mai shagon aski, ta mace kuwa mai kitso. Shi kansa mai kan ba ya ganin ƙeyarsa, matarsa ma sau da yawa tana can Arewa. Saboda haka kuskure ne a ɗauki wanzamai abokan gaba cikin wannan al'amari. Su ne idon jama'a, kuma sana'arsu mai daraja ce wadda ta daɗe tana yi wa al'umma hidima. Abin da ake bukata gare su shi ne su san iyakar askarsu. Wanzamin da ya ga miki a cikin tsohon tabo, ko ya ga ƙurjin da ya bari a askin watan jiya yana nan ya ƙara faɗi, ya ajiye ƙahonsa ya faɗa wa mai kan gaskiya, ko da kuwa zai rasa ɗan abin da zai samu. Sarakunan aska na zango-zango suna iya tara mutanensu rana ɗaya, a gayyato likitan fata ko na fiɗa ya nuna musu hotuna. Abin da za a koya bai wuce na zama ɗaya ba.

Nauyi na biyu yana wuyan sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, na 'yan shanu da 'yan gwari da 'yan goro da 'yan canji. Kowa ya shaida cewa jama'ar zango ba su da rowa. Idan aka yi rasuwa, kafin la'asar an tara kuɗin likkafani, har da na motar da za ta kai gawa ko iyali gida. Wannan abin yabo ne. Amma mene ne ya hana a yi irin wannan karo-karo sa'ad da mutumin yake tsaye da ƙafarsa, lokacin da kashi ɗaya cikin abin da za a tara zai ishe shi? Kowace fada ya kamata a ce tana da asusun gwaji da ƙaramar fiɗa, tana kuma da saurayi ko budurwa mai ilimi, cikin 'ya'yan zango da aka haifa a nan masu jin harsuna uku, wanda aikinsa shi ne raka marasa lafiya asibiti, ya karɓar musu kati, ya yi tafinta, ya riƙe ranar komawa. Ya kamata kuma shugabannin su je ofisoshin inshorar lafiya na jihohin da suke zaune, kamar shirin Ilera Eko na Jihar Legas, wanda aka yi domin mazauna jihar, su tambayi abin da ya ƙunsa da yadda 'yan kasuwa za su shiga a ƙungiyance.

Gwamnatin Tarayya ita ma da sauran aiki a gabanta. Asusun taimakon masu sankara da aka soma a 2021 ya fara ne da iri uku, watau ta mama, da ta bakin mahaifa, da wadda ke kama maza a gindin mafitsara. Ba a musun cewa su ne suka fi yawa. Amma in ana neman inda kuɗi kaɗan zai ceci rai gaba ɗaya, da wuya a samu kamar ƙaramar sankarar fata, wadda ba ta bukatar komai sai allurar kashe zafi da zare da gwajin nama. Ya kamata gwajin nan da ƙaramin yankan su zama kyauta ga kowane zabiya da kowane mai tsohon tabon ƙuna a duk asibitocin tarayya, a kuma koya wa likitocin manyan asibitocin jiha yin su, don kada kowa ya taru a layi ɗaya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara domin zabiyoyi, an soma kiyaye ta tun 2015. Da a ce a wannan rana, maimakon jawabai a otal, za a raba malfa da man kariya daga rana, a kuma duba kawunan yara a zango, da ta fi yin amfani.

Akwai kuma wani wuri da ake yawan yin tuntuɓe bayan an yi aikin lafiya. Sankarar da za ta dawo, galibi cikin shekara biyu na farko take dawowa, shi ya sa likitoci ke son ganin majiyyaci duk bayan wata uku zuwa shida, su duba tabon, su lalubi bayan kunne da wuya. Ɗan ci-rani kuwa da ya ji ƙamshin ruwan farko sai ya ɗaure kayansa ya tafi noma, ba a sake ganin sa sai bayan kaka. Babu mai hana shi tafiya gonarsa. Abin da ya wajaba shi ne kafin ya tashi ya nemi a ba shi takardar sakamakon gwajin nama da taƙaitaccen bayanin aikin da aka yi masa, ya ninke su cikin leda tare da katin shaidarsa. Idan lokacin dubawa ya same shi a gida, sai ya kai takardun asibitin koyarwa mafi kusa, ko Shika ne, ko Kano, ko Sakkwato, ko Maiduguri, domin likitan can ya san irin cutar da faɗin da aka yanke, ba sai an sake komawa farko ba. In kuma ya ji wani ɗan ƙullutu ya taso a gefen tabon ko a wuya, ko da ana tsakiyar noman farko ne, ya jingine fartanya ya tafi a cikin makon nan.